Da Wace Ƙasa Za Mu Yi Taimama?

Kwanakin baya na je gaisuwar mutuwa wani ƙauye a ƙasar Anka, ba sai na ambaci sunansa ba. Yaro aka rasa, bai cika shekara uku ba. Muna zaune kan tabarma a ƙofar gida, masu zuwa na zuwa, ya haƙuri, mun gode Allah, Allah ya sa mai ceto ne, amin, a shafa Fatiha a tashi. Bayan katanga kuwa, abin da bai fi taku talatin daga inda muke ba, injin niƙan dutse yana ta ruri kamar ba a yi mutuwa a garin ba. Ƙura na tashi, iska na kwaso ta tana sauke mana a kan huluna, a bakin butocin alwala, har cikin kwanon ruwan da ake miƙa wa baƙi. Yara suna birgima a gindin injin. Na kasa daurewa, na karkata wajen wani dattijon malami da ke kusa da ni, na ce, “Allah gafarta Malam, wannan ƙurar fa? Ba a yi wa masu injin nan magana su matsa bayan gari?” Ya dube ni sama da ƙasa, irin kallon da ake yi wa ɗan boko in ya yi ɓarin baki, ya ce, “Ɗana, ƙura ka kisa ko Allah? Kwananai ya ƙare, shi ke nan.”

Na yi shiru, don ba a musu da babba a zaman makoki. Amma maganar ta tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi. Na kai ta gida, na kwana da ita, na tashi da ita, yau kuma sai na amayar, wanda zai ji haushi ya ji.

Kwana ya ƙare. Wa ya musa? Ba Musulmin da zai ce rai na fita ba da izinin Mai shi ba. Sai dai wannan kalma mun mai da ita bargo, duk ƙazantar da hannunmu ya yi sai mu ja mu lulluɓe, mu koma gefe muna jan carbi. Da ita muka lulluɓe yara sama da 400 a 2010.

Ai kun tuna, ba labarin zamanin Kanta ba ne. Agwagi suka fara mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ba wanda ya ɗaga kai, agwagwa ce. Sai abin ya koma kan yara: amai, ciwon ciki, jijjiga, kafin a ce kwabo yaro ya cika. Aka yi ta ɗirka maganin zazzaɓin cizon sauro, a banza. A watan Maris na shekarar likitocin ƙungiyar MSF da ke zagaye suna neman masu sanƙarau suka ga abin ya wuce hankali, suka ɗebi jini suka aika ƙasar waje. Amsa ta dawo: gubar dalma. Da ma'aikatan hukumar CDC ta Amurka suka bi gida gida a Dareta da 'Yargalma, sai suka tarar cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun mutu a cikin shekara ɗaya. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Ka tsaya a ƙofar gidanku ka ƙirga yara huɗu, ka cire ɗaya. Na'urar aunon jini da aka zo da ita iyakar lissafinta 65, alhali tun daga 45 ake fara bai wa yaro maganin fitar da dalma, amma jinin yawancin yaran nan ya fi ƙarfin na'urar, sai dai ta nuna ya wuce inda take iya ƙirgawa. Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji, Tungar Guru, Bagega. Sunayen garuruwanmu suka zagaya duniya, ba don mun ci musabaƙa ba.

Kuma ba aljani ne ya zubo dalmar daga sama ba. Zinariya ta yi tsada, awo guda da ake kira oza ya kai wajen dala 1,200 a lokacin, sai aka dinga kwaso dutse daga ramuka a buhuna ana kawowa cikin gari. Dutsen kuwa cike yake da dalma. A fasa da guduma a zaure, a niƙa a injin da ake niƙa dawa da gero, matan kulle su daka nasu a turmin da suke surfe, a wanke a kududdufi, a kama zinariyar da zaiba, a shanya sauran a tsakar gida inda jariri ke rarrafe yana kai hannu baki. Wasu ma da ragowar ƙasar suka buga tubali suka yi ɗaki. A Amurka, in dalma ta wuce kashi 400 cikin miliyan a ƙasar da yara ke wasa, a wancan lokacin an shiga haɗari. A wasu gidajenmu an auna sama da 100,000. Jikin yaro kuma yana zuƙar dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke zuƙa, ta hau ƙwaƙwalwa, ɓarnar da ta yi can ba ta gyaruwa.

To Malam, a cikin jerin nan, wanne ne ba hannun mutum ba?

Abin da ke ƙona mini rai, ba jahilcin addini ke damunmu ba. Duk wanda ya sauke allo ya shiga littattafai, Ahalari ne, Ishmawi ne, Iziyya ce, Risala ce, tun a shafukan farko tsarki ake koya masa. Mun san ruwan da ke tsarkakewa da wanda ba ya tsarkakewa. Mun san in launi ko ɗanɗano ko wari ya canza, an bar alwala da shi. Malami zai share rabin sa'a kan hukuncin ɓeran da ya faɗa rijiya, guga nawa za a kwashe, ɗalibai na gyaɗa kai. Amma dalma ba ta canza launi, ba ta da wari, ba ka jin ta a harshe. Kududdufin da aka wanke dutse a ciki zai iya cin jarrabawar nan uku tsaf, ya kuma kashe maka ɗa. Shi ke nan sai mu naɗe hannu, tunda marubucin Ishmawi bai ambaci dalma ba? Ina ƙa'idar ba cuta ba cutarwa da kowane ɗalibi ke iya rerawa? Ko ita ma sai a rabon gado da rikicin iyakar gona take aiki?

Ku duba ƙasar kanta. An gaya mana tun muna yara cewa an sanya mana ita wurin salla, kuma abin tsarki. In ruwa ya yanke, ita muke bugawa da tafi mu shafa a fuska. Ita muke kafa wa goshi da hanci sau talatin da huɗu a rana, farilla kawai. Ita za ta karɓe mu in an gama. Wannan ƙasar ce muka lalata har sai da aka zo da shebur da baro aka kankare samanta gida gida, aka loda a mota, aka haƙa rami aka binne ta kamar mushe, aka kawo wata daga daji aka shimfiɗa. Injiniyoyin wani kamfani mai suna TerraGraphics, daga jihar Idaho ta Amurka, su suka jagoranci aikin tare da ma'aikatan jiha da samarin garuruwan. Mutanen da ba su san farillan taimama ba, su suka zo suka tsarkake mana abin taimama. In wannan bai ba ka kunya ba, ni ya ba ni.

Kuma ba mu ɗauki darasi ba. A Afrilun 2017, sanƙarau na kashe mutane ɗari ɗari a Zamfara, gwamnan lokacin, Abdul'aziz Yari, ya fito ya ce azaba ce daga Allah saboda zinace-zinacen da mutane ke yi. Sai da Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya tashi a wani taro a Kaduna ya ce a daina fakewa da addini, a je a nemo allurar rigakafi. Aka yi ta zagin Sarki, wai ya yi wa gwamna rashin kunya. Ni dai tambayata ɗaya: jaririn da ya mutu a Dareta, zinar me ya yi? Kullum in bala'i ya zo, zunubin da ake hangowa shi ne na talaka, na mace, na saurayi mai askin banza. Zunubin wanda ya ci kuɗin asibiti ba ya jawo annoba, ga alama. Laifi tudu ne.

Kada wani ya ce na zo sukar Shari'a. Nemanta na zo yi. A Gusau aka ƙaddamar da ita ranar 27 ga Oktoba 1999, mutane suka zo daga ko'ina suna kabbara har muryoyi suka dushe, aka ce Zamfara ta riga kowa. A Maris 2000 aka yanke hannun Buba Bello Jangeɓe saboda satar saniya. Saniya ɗaya, hannu ɗaya, lissafi ya fita. To yara 400 fa? Ku faɗa mini sunan mutum guda, dillali ne, mai injin ne, jami'in ma'adinai ne, kwamishina ne, da aka tsayar gaban alƙali aka ce ya yi bayani. Ku faɗa mini gida ɗaya da aka kai wa diyya. Muna da Hisba mai ƙwazon fasa kwalabe da kama masu kiɗa a gidan biki, ba laifi, amma giya mai shan ta take fara kayarwa, ƙurar injin kuwa ɗan maƙwabci take kashewa, wanda bai ci ba bai sha ba. Wanne ya fi cancanta da sunan munkari? An bar jaki ana dukan taiki.

Na gwamnati kuwa, ku bar shi kawai. An share ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011, aka bar Bagega, wadda ta fi su girma da yawan guba, yara wajen 1,500 na jira. Ba a iya ba su magani, don in ka wanke jinin yaro ka mai da shi gidan da ƙasarsa ke da dalma, aikin baban giwa ka yi. Sai an share gari tukuna. A watan Mayu 2012 MSF ta kira taro a Abuja kan maganar, ministocin da abin ya shafa, na lafiya da na muhalli da na ma'adinai, ba wanda ya leƙo. An yi alkawarin naira miliyan 850, kuɗi suka maƙale. Sai da wasu matasa, su Hamzat Lawal, suka tayar da ƙura a intanet da kiran a ceci Bagega, ƙungiyoyin duniya suka sa baki, sannan Shugaba Jonathan ya saki kuɗin a Janairun 2013. Kusan shekara uku yara na shaƙar guba ana neman sa hannu. A cikin shekarun nan uku jirgi nawa ya tashi zuwa Umara da manyanmu a ciki? Kujerar Makka nawa aka raba wa 'yan siyasa?

A 2015 gubar dalmar ta ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka tafi. A Afrilun 2019 gwamnatin Buhari ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara saboda 'yan bindiga, kowa kuma ya san haƙa ba ta tsaya ba, ɓuya ta yi, abin da ya ɓuya kuwa cikin gida yake komawa, kusa da yara. MSF ta miƙa aikin ga jiha a farkon 2022 bayan shekara goma sha ɗaya da ɗoriya. A Disamba 2024 aka ɗage haramcin. Ko wata biyar ba a yi ba, sai ga labarin gubar dalma daga Bunguɗu. A Oktoba 2025 ozar zinariya ta haura dala 4,000, fiye da ninki uku na farashin da ya sa muka kawo dutse tsakar gida. Ku yi lissafin da kanku.

Na san abin da mai haƙa zai ce, don ya faɗa mini a gabana. “Malam, in munka bari, mi za mu ci?” Gaskiyarsa. Gona ba ta zuwuwa sai an biya ɓarayin daji kuɗin noma, a biya na girbi. Waɗanda suka ga ɓarnar da ɓarayin dajin suka yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a farkon Janairun 2022 ba sa buƙatar in tuna musu. Gaba kura, baya sayaki. Ban ce talaka ya bar rami ya rungumi yunwa ba, kuma duk wanda ya ce masa haka daga ɗaki mai sanyi a Abuja, ya fara aiko masa da buhun gero. Shi mai haƙar ma me yake samu? Kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi. Ya shiga rami da tocila a goshi, rami ya rufta da shi ko ya fito da tari, zinariya ta bi hannun dillali, ta bi mota, ta bi jirgi, ta sauka Dubai. Dillali ya dawo Alhaji, ya gina masallaci da tayil da lasifika huɗu, a sa masa albarka ranar buɗewa. Wa zai hau mumbarin da ya gina ya tambaye shi ina ya zubar da ƙasar da ya tace?

Ga kuma zakka. Malamanmu na Malikiyya sun san abin da aka haƙo na zinariya, in ya kai nisabi, ana fitar masa da zakka nan take, ba a jiran shekara ta zagayo. Muna da Hukumar Zakka da Waƙafi a jihar nan. Ina zakkar zinariyar Anka? Yaran da suka tsira a 2010, wasu ba sa gani, wasu ba sa magana, wasu an kai su makaranta karatu ya ƙi zama aka ce daƙiƙai ne, aka yi ta dukansu. Yanzu samari ne da 'yan mata. Dalma kuwa tana kwanciya a ƙashi shekara da shekaru, in mace ta ɗauki ciki ta taso ta shiga jinin ɗan tayi. Wa ya fi waɗannan cancantar abin da ya fito daga ramin da ya nakasa su?

Abin takaicin, maganin ba tsafi ba ne. A fitar da fashin dutse da niƙa bayan gari. A niƙa da ruwa don ƙura ta kwanta. Kada buhun dutse ya ƙetare zaure. Mai aiki ya yi wanka ya sauya tufa kafin ya shiga gida ya ɗauki ɗansa. A wanke hannun yaro kafin ya ci abinci. An gwada wannan a wuraren haƙa a Zamfara da Neja, ƙura ta ragu, dalmar jinin masu aikin ma ta sauka. Ku sake karanta jerin nan da kyau: wanka, wanke hannu, tufa mai tsabta, kau da cuta daga hanyar mutane. Babin tsarki ne sak. Mu da ke wanke hannu sau uku uku, sau biyar a yini, mu ne sai Bature ya zo da allon zane ya koya mana wanke hannu. Sarakuna da masu gari sun taimaka a 2010, da bakinsu aka fitar da injuna daga wasu garuruwa, Allah ya saka musu. Amma umarni na tsufa, injin kuma yana da taya.

Kada mutanen Gummi su ce su ba ruwansu, dutsen Anka ne. Ruwan ne ma nasu. A Agustan 2024 ambaliya ta ci dubban gidaje a Gummi, a Satumba kwale-kwalen da aka cika maƙil da manoma ya kife, gommai suka tafi. Nan ma me aka ce? Ikon Allah. Ruwan sama na Allah ne, na yarda. Ledar da ta toshe magudana ta wa ce? Wa ya sayar da fili a kan hanyar ruwa, wa ya sa hannu, wa ya sare itacen bakin gulbi ya yi gawayi, wa ya ga jirgi ya cika ya ce a ƙara mutum biyar? Gummi fa ita ta haifi Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya juya ma'anonin Alƙur'ani zuwa Hausa don kada wani ya ce bai gane ba. Tarjamar na nan a masallatanmu da ɗakunanmu, alhazai sun yi ta kawo ta daga Madina. A buɗe Suratur Rum aya ta 41 a ga a wuyan wa aka rataya ɓarnar tudu da ta ruwa. Da Hausa take, ba sai an nemo tafinta ba.

Ko kalmar hurumi da muke faɗa kullum, daga fiƙihu ta zo. Rijiya na da huruminta, gulbi na da nasa, gari na da nasa, ba a taɓawa don na kowa ne. Malam Abdullahi na Gwandu littafi sukutum ya rubuta kan hukuncin ƙasa da irin waɗannan iyakoki, shekara wajen ɗari biyu da suka wuce. Yanzu in ka ce kare muhalli, sai a ce aƙidar Turawa ce, aikin 'yan ƙungiya masu neman dala. Kayan gidanmu ne muka jefar, wani ya tsinta ya kawo mana, muna ce masa baƙo. Sayyidina Umar, da ya ji annoba ta ɓarke a Sham, juyawa ya yi da jama'arsa daga hanya, kuma da aka tuhume shi da gudun ƙaddara ya nuna cewa juyawar ma cikin ƙaddarar take. To ko mun fi Umar tawakkali ne?

Ni dai na ji huɗuba kan tsawon wando. Na ji kan ƙabli da ba'adi, kan ƙabalu da sadalu, kan maulidi, kan finafinan Kano, kan wanda za a zaɓa da wanda zaɓensa haramun ne. Na ga an raba masallaci biyu kan inda za a ajiye hannu a salla. Ban taɓa zama a sahu na ji liman ya ce niƙa dutsen zinariya a tsakar gida zalunci ne, mai yi zai tsaya gaban Allah da yaran maƙwabtansa ba. In akwai wanda ya yi, Allah ya ƙara masa daraja, a nuna mini shi in je in bi shi salla.

Allah gafarta Malam, ranar makoki na yi maka shiru don girman furfurarka, yau na ba ka amsa. Allah ke kashewa. Amma injin ba shi ya kafa kansa a bayan katanga ba, kuma mai shi ɗalibinka ne, a sahun farko yake tsayawa, in ka yi magana zai ji. Juma'a na zuwa, lasifika na hannunka. Ka ce a fitar da shi bayan gari.